Bidiyo Arba'in da Uku na Rediyo

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau ba zan ɓoye muku komai ba, har da inda na tafka wauta. Waɗanda suka san ni sun san ba kasafai nake amsa laifi ba. A gida Lauya ake kirana, alhali ni sakatariya ce kawai a ofishin wasu lauyoyi uku, ina buga musu takardu, ina gyara musu kurakuran da har abada ba za su yarda nasu ba ne. Bakina ne ya jawo min sunan. Umma ta ce tun ina 'yar shekara biyar ba a taɓa aikena ban tambayi dalili ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ta iya rufe min baki, ita ma ba da hujja ba, da waƙa. Rediyo muke ce mata, aminiyata tun ajin farko na sakandare. Idan na ɗauko musu sai ta kalle ni, ta ɗaga hannu sama, ta rangaɗa baiti a tsakiyar titi har sai na roƙe ta ta rufa min asiri. Allah ya jiƙanta, zan faɗi gaskiya ko da ba ta nan: muryarta ba ta da daɗi ko kaɗan. Mawaƙi yana gabas tana yamma, kuma ita a ganinta shi ne ya kauce.

Akwai wata ƙungiyar mawaƙa, su biyar, da ke wasa duk Asabar ɗin ƙarshen wata a wani ɗakin taro mai jajayen kujeru, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Shekara huɗu muna zuwa. Layi na uku, kujera ta tara tawa, ta goma tata. Ni ke riƙe waya ina ɗaukar bidiyo, ita kuma tana gefen kunnena tana ɓata shi. Duk wanda muka ɗauka mu ɗora a wani shafi da muka buɗe mu biyu, har suka kai arba'in da uku. A hanyar gida kuwa iyafis ɗaya na jin waƙa muke rabawa a cikin mota, kunnen dama nawa, na hagu nata, kanmu a haɗe kamar masu ƙulla gulma.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta. Ranar da muka dawo daga zaman makoki a gidansu na ɗaure wayar kunnen hagun nan da ƙulli, ban sake kwance ta ba. Wasan ma sau ɗaya na koma ni kaɗai, na sayi tikiti biyu don kada wani ya zauna mata a kujera, amma ko ƙarshen waƙa ta biyu ban kai ba na tashi na fita.

Ga abin da ya sa bidiyon nan suka zame min komai. Rediyo ba ta tura saƙon murya. Cewa take maganar da ba za a katse ka ba ba hira ba ce, wa'azi ne, don haka kira take yi. Mahaifiyarta kuma ƙaramar waya ce da ita mai madannai. Duk duniya babu inda muryar Rediyo ta rage sai cikin bidiyon nan arba'in da uku, a wayata da kuma shafinmu.

Ranar Asabar da ta wuce na je gaida mahaifiyarta, wadda nake kira Mama. Na same ta a falo tana ninke kayan wanki, robar magungunanta a kan tebur, wadda ke da gida bakwai na kwanakin mako. Na leƙa na ga gidan Alhamis da na Juma'a cike suke, ba ta sha ba. Na zuba mata ruwa na miƙa mata, ta karɓa ba tare da ta kalle ni ba.

"Lauya, alfarma zan nema a wurinki."

"Haba Mama, umarni dai."

"Juma'a mai zuwa 'yar uwarki za ta cika shekara. An gaya min hotunanta masu motsi suna nan a waya, tana waƙa ana kiɗa, kowa yana buɗewa yana kallo." Ta ajiye zanin da ke hannunta. "Ni ba malama ba ce. Amma ba na iya barci in na tuna. Ina tsoron kada a riƙa rubuta mata wani abu tana kwance ba ta da bakin kare kanta. Ki goge su, 'yata. Na waje da na wayarki, duka."

Kun san ni. Hujja goma ta taso min a maƙogwaro a lokaci ɗaya, kowacce da lambarta. Amma na kalli matar nan, na ga ba shari'a aka kira ni ba. Uwa ce take tsoro saboda 'yarta. Na haɗiye su duka.

"Zan goge, Mama. Ranar Juma'a zan zo in goge a gabanki."

Ta sa min albarka har na ji kunya. Na fito na tsaya a bakin ƙofa. Na yi alkawari, kuma ni ba na saɓa alkawari. Amma na san ran Juma'a da hannuna zan sake binne Rediyo, kuma wannan karon ko muryarta ba za ta rage ba.

Ina isa gida na tarar da Gwaggo, yayar mahaifina, ta baje a kan doguwar kujera ta cire mayafi, alamar ba yanzu za ta tafi ba. Umma tana gefe tana yanke zaren da ya fito a bakin labule, abin da take yi duk lokacin da ba ta so a ga bakinta a cikin magana.

"Ga 'yar mulkin nan ta dawo," in ji Gwaggo. "Zauna. Yayar Injiniya ta sake kirana. Wata huɗu yaron nan yana sintiri a gidan nan, takalminsa har ya san hanya. Mutanensa suna so su zo su gaisa da iyayenki maza. Me zan ce musu?"

"Ki ce musu ina nazari."

"Nazari! Digiri za ki yi a kansa? Yaro natsattse, ba ya shan komai, ba ya yawo, ga sana'a a hannu. Me kike nema, wanda zai riƙa tashi sama?"

"Wanda zai riƙa magana dai, Gwaggo."

Umma ta yi tari don ta danne dariya. Gwaggo ta harare ta, ta dawo kaina. "Juma'a. Daga Juma'a ban ji amsa ba, ni zan ba su tawa, kuma ba za ki so ta ba."

Juma'a kuma. Na ce a raina, wannan Juma'ar ta sha kaya.

Bari in gaya muku waye Injiniya. Gwaggo ce ta kawo shi, ta ce ƙanin wata abokiyar aikinta ne, injiniyan wayoyi. A wayata Malam Shiru na sa masa. Dogo ne, kullum cikin riga mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, kamar an hana shi sauran launuka. Ranar da ya fara zuwa, kafin ya gama zama ya ce don Allah a rage talabijin. Da babur mai ƙara ya wuce ta bayan taga, sai na ga ya zaro wata 'yar roba daga aljihu ya toshe kunne. Na tambaye shi ko yana jin waƙa, ya ce, "Ba na kunna komai a gida." Shi ke nan na yanke masa hukunci, na rufe fayil. Na ce wannan irin mutanen nan ne da za su aure ka su mayar da gida maƙabarta. Tun daga ranar nake ba shi shayi da amsa ɗaiɗai, shi kuma bai fasa zuwa ba.

Saƙonninsa ma haka suke. "Barka da safiya. Allah ya ba da sa'ar aiki." Da yamma: "Da fatan an dawo lafiya." Ko alamar dariya babu. Rediyo da tana nan da ta yi masa waƙa.

Ranar Lahadi da yamma ya zo. Na shirya masa tsaf, amma ba irin shirin da Gwaggo take so ba. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai aljihu, wadda nake zuwa wasa da ita, na yafa farin mayafi, na fesa turaren da Rediyo take cewa yana sa ta atishawa. Niyyata ɗaya ce: in kunna masa bidiyo mafi hayaniya, ya yamutsa fuska, ya ce haramun ne a goge, ni kuma in samu hujjar da zan kai wa Gwaggo. Ina cikin baƙin ciki, kuma ina neman wanda zan sauke wa.

Na ajiye tiren shayi, na zauna a kujerar da ke fuskantarsa.

"Yau ba ki da walwala," ya ce.

"Da ma ina da ita ne sauran ranakun?"

"Kina da ita. Ɓoye min kike yi."

Na yi kamar ban ji ba. Na ba shi labarin Rediyo a gajarce, da abin da Mama ta nema, sannan na ɗora wayar a kan tebur na ƙure ƙara. Bidiyon wasan ƙarshe da muka je tare ne. Ganga tana dukan ƙirji, jita tana kuka, mutane suna ihu, Rediyo kuma tana saman kowa da muryar nan tata. Na naɗe hannu ina jiran ya zaro robarsa.

Bai zaro ba. Ya ajiye kofi, ya matso da kujera, ya rufe ido, ya karkatar da kai gefe ɗaya.

"Mayar da shi baya kaɗan."

"Me?"

"Kamar daƙiƙa ashirin. Inda mai ganga ya canza salo."

Na mayar. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Nan. Ta daina waƙa a nan. Magana take yi."

"Ba magana take ba, na kalli bidiyon nan ya fi sau ɗari."

"Kallo kika yi. Magana take yi da wani, kusan rabin minti, kiɗan ne ya danne ta." Ya buɗe ido. "Zan iya janye kiɗan in bar muryarta. Ba zai fita tas ba, amma tana kusa da wayar, za a ji."

Na tsaya ina kallonsa. "Kai da wayoyin lantarki, ina ruwanka da wannan?"

"Wa ya ce miki lantarki nake yi?"

"Gwaggo ta ce injiniyan wayoyi."

A karon farko cikin wata huɗu na ga haƙoransa. "Wayoyin makirufo da na lasifika. Sauti nake haɗawa a wuraren taro, ina kuma gyara abin da aka naɗa. Tun safe har yamma kunnena yana cikin ƙara, shi ya sa nake hutar da shi in na tashi. Da shi nake ci."

'Yan uwa, ƙasa ba ta tsage ba, na duba. Wata huɗu mutum yana zama a falonmu, ni da ake kira Lauya saboda tambaya, ban taɓa tambayarsa mene ne aikinsa ba. Na gyara mayafi na ce, "Ai ba ka faɗa ba."

"Ba ki tambaya ba."

Na bar wannan ta wuce. Amma na gaya masa gaskiya: na yi wa Mama alkawarin goge komai, kuma ba zan yi mata wayon lauyoyi ba, in ce kiɗa kika ce ba murya ba. In ya ciro muryar, gabanta zan kai. In ta ce a goge har da ita, zan goge.

Ya jinjina kai. "Haka ya kamata. Ki kawo min Laraba."

Laraba da rana na nemi izinin awa biyu a ofis. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata, ba za a ce 'yar ɗan'uwanta ta je wurin aikin saurayi ita kaɗai ba, amma ni na san gulma ce ta kai ta. Ɗakin aikinsa ƙarami ne, a saman wani shagon kayan gini. An manna wa bangon soso mai ƙulu-ƙulu, wayoyi a nannaɗe a jikin ƙusa kowacce da 'yar takardarta, ga kwamfuta mai fuska biyu, ga wani faffaɗan teburi cike da maɓallai. Gwaggo ta shafa bangon ta ce, "Ikon Allah, katifa a tsaye."

Ya ba ta kujera da lemo, ya karɓi wayata ya jona. Muryar taron ta fito a fuskar kwamfuta kamar zanen ciyawa. Ya fara aiki, ni kuma na tsaya a bayansa ina kallon hannunsa. Mutumin da a falonmu kofi ma da kyar yake ɗauka, a nan yatsunsa har rawa suke. Ya ja wani abu ƙasa, ganga ta yi nisa. Ya sake ja, jita ta dusashe. Ihun mutane ya koma kamar ruwan sama a kan rufin maƙwabta.

Sai Rediyo ta rage ita kaɗai, tana waƙa babu abin da ke rufa mata asiri.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wannan kuma wa ake yankawa?"

Na fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, na rasa wanne nake yi. Gwaggo ta gane, ta jawo ni jikinta tana cewa, "Yi haƙuri, bakina ne, Allah ya jiƙan yarinyar nan." Injiniya bai juyo ba, ya dai tura min kwalin tishu da gwiwar hannu, ya ci gaba da aikinsa.

Da ya iso wurin maganar, ya tsayar. Ya cire abin kunnensa ya ajiye.

"Na ji abin da ta ce. Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Na mahaifiyarta ne." Ya juyo gare ni. "In kina so ki ji yanzu, ga shi. In kuma za ki bari ku ji tare, zan ƙarasa gyarawa in turo miki gobe."

Ni da ba na iya barin saƙo minti ɗaya ban buɗe ba, na ce ya turo. Alhamis da azahar ya shigo wayata, daƙiƙa talatin da huɗu, ya rubuta a ƙasa: "Allah ya sa a dace." Na kwana da shi ban taɓa ba. Ku yaba min, don ni ma na yaba wa kaina.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa gidan Mama. Ta yi shara, ta kunna turaren wuta, 'yan uwa da suka zo addu'a da safe duk sun watse. Robar magani tana inda take, gidan Juma'a a cike. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na fito da waya.

"Mama, na zo cika alkawari. Amma kafin nan akwai abu ɗaya da nake so ki ji. Babu kiɗa a ciki, an cire. Muryarta ce kawai. Ni ma ban ji ba tukuna. In kin ji kin ce a goge, wallahi a gabanki zan goge shi tare da sauran."

Ta daɗe tana kallon wayar. "Babu kiɗa?"

"Ko kaɗan."

"To kunna."

Na danna. Aka ji wani shuuu mai nisa, sai ƙarshen baitin da take ja, sai ta katse.

"Lauya, riƙe min jakata, Mama ce ke kira. Riƙe mana! ... Mama? Na'am, Mama! Ba na jin ki sosai! Lafiya lau nake, ina tare da Lauya. Eh, na ci abinci. Mama, kin sha maganinki? A'a, kar ki ce min anjima, na san halinki. Tashi ki sha yanzu ina jin ki. ... Yawwa 'yar gari. Kafin magariba ina gida. Ki ajiye min shayi. Sai na zo, Mamana."

Shuuu ɗin ya dawo, ya yanke.

Na tuna ranar sarai. Na tuna ta cusa min jaka a cinya ta duƙa ƙasan kujera da yatsa a kunne, ni kuma ina jin haushi tana girgiza min hannu ina ɗaukar mai jita. Ban taɓa sanin abin da ta ce ba, ina zaune a gefenta.

Mama ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta miƙa hannu a hankali ta jawo robar nan, ta buɗe gidan Juma'a, ta zuba ƙwayoyin a tafinta. Na tashi da sauri na kawo ruwa. Ta sha, ta ajiye kofi, ta kalli wayar da ke hannuna.

"Na sha," ta ce. "Na sha, uwata."

Daga nan ne muka yi kukan, ni da ita, babu mai rarrashin wani. Sau biyar ta ce in sake kunnawa. A na biyar har ta yi murmushi a wurin "na san halinki", ta ce, "Ji 'yar nema, ni take yi wa faɗa."

Da muka natsu na tambaye ta, "Wannan fa, Mama?"

"Wannan ki bar min. Yarinya tana tambayar uwarta magani, wane laifi za a rubuta mata a nan? Ki sa min a tawa wayar in za ta ɗauka." Ta share ido da gefen mayafi. "Sauran kuma, Lauya..."

"Na sani, Mama."

Na buɗe shafinmu na rufe shi gaba ɗaya. Na dawo cikin wayata na zaɓi bidiyo arba'in da uku, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ina ganin ɗan hotonsa: ranar da ta zo da takalmi kala biyu, ranar da aka ɗauke wuta mawaƙan suka ci gaba a haka, ranar da mai ganga ya nuna ta da sanda don ta yi shiru ta ɗauka gaisuwa ce. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, amma na danna. Ya yi min ciwo, ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu yana yi. Sai dai da na ɗago na ga kafaɗun Mama sun sauka, irin saukar da ban gani ba shekara guda, na san ban yi asara ba.

Na sa mata muryar a ƙaramin katin wayarta, na nuna mata madannin da za ta danna har sau uku, na rubuta mata a takarda na liƙa a jikin robar magani.

Ina cikin motar komawa gida saƙon Malam Shiru ya shigo.

"Yaya aka yi?"

"Ta ce a bar mata. Sauran na goge. Na gode, ban san da bakin da zan gode maka ba."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Mutumin da bai taɓa wuce layi ɗaya ba, sai ga saƙo har ya cika fuskar waya.

"Akwai abin da ban gaya miki ba. Ba ran Lahadi na fara jin muryar nan ba. Layi na uku, kujera ta tara da ta goma. Ni ne a bayan teburin sauti a ƙarshen ɗakin nan, shekara huɗu. Ƙawarki tana shiga makirufon gaba duk wata, ina komawa ina fama da cire ta, har na sa mata suna a raina. Wata Asabar na ji aikina ya fita tas babu abin gyarawa, na rasa abin da ke damuna. Na ɗaga kai na ga ke kaɗai, jakarki a kan kujera ta goma. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare kika fita. Daga ranar na fara tambayar ko ke 'yar wane gida ce. Na so in faɗa miki tun zuwan farko, na ga ba ki son a taɓa wurin, na yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Ki yafe min."

Na karanta sau uku. Na wuce inda zan sauka da tsayawa biyu, sai da na dawo da ƙafa.

A falo Gwaggo tana zaune da mayafinta a kafaɗa da waya a hannu, Umma kuma ta koma wa labulenta, duk da babu sauran zare a jikinsa.

"To, 'yar mulki," in ji Gwaggo. "Juma'a ta yi. Yayarsa tana jira. Me zan ce?"

Na zauna a hannun kujera, na zaro iyafis ɗina daga jaka. Ƙullin kunnen hagu ya shekara, ya ƙanƙame, sai da na sa haƙori. Su biyun suna kallona har ya warware, wayar ta miƙe da ɗan lanƙwasa a inda ƙullin yake.

"Ki ce mata mutanensu su dakata tukuna," na ce. "Shi nake so ya zo gobe, shi kaɗai."

Gwaggo ta zaro ido. "Lafiya?"

"Lafiya lau. Shekara huɗu mutum yana kallon ƙeyata bai ce komai ba, bayani zai yi. Kuma Gwaggo, ki ce masa ya bar robar kunnen nan a gida, don tambayoyin wata huɗu na tara masa, kuma ni ba a hankali nake magana ba."